Sakatar Bindigar Kakana

Ta yaya ƙarfen da na jefa a kududdufi da hannuna, ina yarinya ban fi shekara tara ba, ya zo ya kwanta a ƙasan akwatin mijina? Tun ranar da aka buɗe akwatin nake juya tambayar nan, kuma wanda zai ba ni amsa wata biyu ke nan da muka rabu da shi rabuwar da ba a dawowa. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Autata ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Na ce mata in kuka ya zo mini ta ajiye biron ta jira ni, amma kada ta gyara mini magana.

A Mandawari na tashi, a hannun kakata ta wajen uba, don mahaifina ya rasu ina goye, mahaifiyata kuma ta yi wani auren a wata unguwa. Gidan kakana tsohon ginin ƙasa ne mai zaure biyu, da matakala da ke kai mutum kan soro. An ce kakanninsa ta hamada suka zo da fatauci. Abin da ya rage mana na can bai wuce hasken fata ba, da shan shayi, da gurasa da alkakin da kakata ke yi, waɗanda mata ke aikowa daga unguwanni a saya musu. Shi kakana fata yake saye yana sayarwa a wajen Ƙofar Wambai. Duk wankin da aka yi wa rigunansa, warin jima ba ya barinsu, har ni na ɗauka haka duk kakanni suke wari.

Yana da wata 'yar siririyar bindiga. Ba irin ta maharba da ake ɗura wa albarushi ba ce. A kantin Turawa ya saye ta, da takardarta ta hukuma da yake ajiyewa cikin gafaka. Harsashinta bai kai ɗan yatsana na ƙarshe ba, ƙararta kuma kamar an taka busasshen kara. Shirwa yake harbi da ita, masu sure mana 'yan tsaki da naman da ake shanyawa a kan soro, sai kuma hasbiya in ya yi marmarin romonta. Ni ce mai binsa kan soro ina tsintar kwanson harsashi, don in ka kara shi a leɓe ka hura yana yin fito. Amaryata yake ce mini, irin wasan kaka da jika. Wata rana da rani, iska na kaɗa mana shanya, ya ɗora kwanso ɗaya a tafin hannuna ya juya gindinsa sama.

"Duba nan, amaryata," ya ce. "Manyan bindigogi a tsakiya suke sara. Wannan kuwa a gefe take cizo."

Na duba, sai ga ɗan shaidar a bakin gefen, kamar an danna farce a ƙullun gurasa. Tun daga ranar duk kwanson da na tsinta sai na nemi cizon.

To ga dokar gidanmu, ban san ko ta wasu gidajen ba. Bindiga tana rataye a turakar kakana, amma ba ta taɓa kwana cikakkiya ba. Akwai wani ƙarfe a bayanta, tsawonsa kamar tafin hannun babba, da ɗan hannu a gefe mai dunƙulallen kai. Shi ake ɗagawa a ja baya, a sa harsashi, a tura a murɗa. Sakata muke ce masa. In babu shi, bindiga sanda ce kawai. Da an gama harbi kakana zai zare shi ya miƙo mini, in kai wa kakata. Ita kuma ta goge shi da man keken ɗinki, ta naɗe a tsumma, ta sa a gwangwanin shayi, ta kulle a adakarta. Har gobe in na ji man keke ya haɗu da ƙanshin ganyen shayi, sai in ga ɗakinta, da jeren tasoshinta, da ɗan hasken da ke shigowa ta taga.

In an aiko ni karɓa, ba nan take take bayarwa ba. Sai ta tambaye ni me zai harba, ya ci abinci ko bai ci ba, fuskarsa yaya take. In na ce a ɗaure take, sai ta ce in je in gaya masa hannunta na cikin ƙullu, ya jira. Wani lokacin kafin ƙullun nan ya ƙare har an kira la'asar, shi kuma ya manta. Bai taɓa zuwa da kansa ya karɓa ba. Namiji da bindiga, mace da sakata. Haka na tashi na gani, kuma ban taɓa jin ya yi gunaguni ba.

Maƙwabcinmu na gabas magini ne. Ka san gidan magini shi ne ƙarshen gyara. Indararon soronsa ya karkace, duk ruwan da ya sauko a gindin katangar sashen baffana yake zuba. Baffana, ƙanin mahaifina, mutum ne mai kirki da saurin fushi. Damina uku yana yi wa maƙwabcin magana, shi kuma yana cewa da ruwa ya ɗauke zai gyara. A damina ta huɗu, kakana ya yi tafiyar sayen fata, aka shiga marka. Kwana uku ruwa bai tsaya ba. Ɗakuna duk sun yi warin danshi, itace ya ƙi kamawa, kwaɗi har tsakar gida. Da hantsin rana ta uku muka ji wani irin rugugi mara ƙarfi, sannan ihu. Katangar ta zauna, ta jawo rabin rufin ɗakin, azara ta faɗa wa matar baffana a ƙafa, ga ta da tsohon ciki.

Da aka jawo ta daga cikin laka, baffana ya miƙe tsaye. Ya shiga turakar kakana ya fito da bindiga da harsashi a hannu, ya tsaya a ƙofar ɗakin kakata ruwa na dukansa.

"Inna, ba ni sakata."

"Me za ka harba a cikin ruwan nan?"

Ta dube shi ta daɗe, sannan ta ce ya je zaure ya jira, mukullin adaka ne ya shige mata wani wuri. Yana juya baya ta buɗe adakar. Mukullin yana ɗaure a haɓar zanenta, inda yake kullum. Ta zare ƙarfen daga tsummansa ta cusa mini a ƙugu, sanyinsa har cikina. Ta kama kunnena ta ce in fita ta ƙofar baya in kai shi kududdufi, in an tambaye ni kuma, ni na ɗauka na yi wasa da shi ya ɓace.

Na yi gudu a lungu, laka na cin ƙafata. Kududdufin bayan unguwarmu ya cika ya batse, ruwan kore shar, ɗigon sama na rawa a kansa. Na duba gabas na duba yamma ban ga kowa ba. Rubuta wannan da kyau: ban ga kowa ba. Na ɗaga hannu na wurga shi iya ƙarfina, na ji ya ce tsulum, na juyo.

Na dawo na tarar ta kira baffana, ta buɗe gwangwanin a gabansa, babu komai sai tsumma. Ta juyo kaina da fuskar da ban san ta da ita ba, ta ce ke, ina sakata? Na faɗi abin da aka ce in faɗa. Baffana ya jingine bindiga ya karyo tsumagiya. Ban san iya bulalar da na sha ba. Abin da na sani, kafin hannunsa ya gaji maɗori ya iso, liman ya iso, dattawan unguwa sun cika zaure, maginin da kansa ya shigo ya durƙusa cikin laka yana ba da haƙuri. Fushin da aka tanada dominsa a bayana ya ƙare.

Sai da na haifi nawa na gane abin da kakata ta yi. In ta ce masa ba za ta bayar ba, a halin da yake ciki zai ture ta ya fasa adakar, ya zama ɗan da ya sa wa uwarsa hannu. In ta bayar, ya zama mai kisa. Ta duba cikin gidan ta ga bayan da zai iya ɗauka ya warke, ta zaɓi nawa. Da yamma ta gasa mini jiki da ruwan zafi, tana yi tana hawaye, ta ce maganar nan ni da ita ce har kabari.

Duka ya warke. Abin da bai warke ba shi ne dawowar kakana. Aka gaya masa jikarsa ta yi wasa da sakata ta yar. Bai dake ni ba, bai zage ni ba. Ya daina ce mini amaryata, shi ke nan. Ya daina kirana kan soro. Ya aika kanti a nemo masa wata sakatar, aka ce babu irinta. Bindigar ta yi ta rataye har gara ta cinye ƙotarta, daga baya aka ba maƙera bututun. A gidan kuwa na zama mai zubar da kaya. In allura ta ɓace, ni ake duba. Har ya koma ga Allah kakana bai san ban yi masa ɓarna ba, kakata kuma ta bi shi ba ta wanke ni ba. Na yafe mata tuntuni. Amma na riƙe mata amanar kusan shekara saba'in, ya isa.

Matar baffana ta haihu lafiya, ƙafar dai ta bar ta da ɗingishi. Da rani ya kama, maginin ya zo da 'ya'yansa suka ta da katangar da kansu. A cikinsu akwai babban, wani dogo siriri mara magana, yana ɗebo ƙasa a kai. Shi ne bayan shekaru ya fara tsayuwa a ƙofar gidanmu. Ba wanda ya tilasta ni, ni na so shi. Ya kai ni Dukawuya, gidan da ya gina da hannunsa, muka yi shekara hamsin da 'yan kai. Ban taɓa gaya masa abin da baffana ya so yi wa mahaifinsa ba. Shi ma bai taɓa ɗaga maganar ranar nan ba, ko da wasa.

Bayan an yi addu'ar arba'in aka taru a buɗe kayansa. Ina zaune a gefe cikin takaba. Akwai ɗana na fari, da ƙanin mijina, da autar nan mai rubutu. Aka fito da riguna, da huluna, da carbinsa, da tsohon cokalinsa na gini wanda bakinsa ya cinye. Can ƙasa sai ga wata 'yar jaka ta jar fata, an ɗaure bakinta. Ƙanin mijina ya kwance ya zazzago wani ƙarfe a hannunsa, ya juya shi ya ce na keken ɗinki ne. Autata ta ce ita dai ta fi ganin na injin taliya. Ɗana ya ɗauki hotonsa a waya ya tura wa abokansa, wai a cikinsu ba za a rasa wanda ya sani ba. Amsa ta yi ta shigowa: wani ya ce na mota ne, wani ya ce na tsohon sikeli.

Idona ya yi rauni, daga inda nake duhu-duhu kawai nake gani. Amma ƙanin mijina yana ta wasa da ɗan hannun ƙarfen, ya murɗa shi, sai na ji ya ce ƙas. Na ce a miƙo mini.

Nauyinsa kaɗai ya ishe ni. Na kai shi hanci, man keke. Ba tsatsa ko ɗigo. Ƙarfen da ya kwana a laka, ba tsatsa. Wato duk shekarun nan akwai mai fito da shi yana goge shi yana mayarwa, a ɗakin da nake sharewa kullum.

Na ce, "Sakatar bindiga ce. Ta kakana."

Ƙanin mijina ya tuntsire da dariya. Ni da shi mun saba tsokanar juna tun ina amarya. "Yo ke da ko sunanki ba kya ganewa a takarda, yaushe kika shiga soja ba mu sani ba?"

"Lokacin da nake ɗaukar ƙarfen nan kai kana yawo ba wando kana cin ƙasa a ƙofar gidanmu," na ce masa. "Ku haska ƙarƙashin hannunsa, akwai zane uku da kakana ya yi da zarto. Sannan ku dubi fuskarsa ta gaba. Ɗan haƙorin da ke bugun harsashi ba a tsakiya yake ba, a gefe yake."

Ɗana ya kunna fitilar waya ya duba. Zane uku suna nan, haƙori yana gefe. Ana cikin haka wani abokinsa da ya taɓa aikin ɗamara ya bugo, muna jin muryarsa a fili, yana cewa wannan kayan bindiga ne, ya goge hoton nan maza, ƙarfen kuma ya san inda zai kai shi kafin wani ya gani.

Daga nan fa ɗana ya rikice. "Hajiya, zamanin nan ko kwanson harsashi aka gani a gidan mutum sai ya yi bayani. Ki kawo in jefa a masai, ko in ba 'yan gwangwan su narkar. Muna da yara a gidan nan."

Ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa musu da shi ido da ido ba, kunyar da muka gada ke nan. Ran nan na ajiye ta. Na ce masa na jefar da ƙarfen nan sau ɗaya don an umarce ni, na sha duka a kai, na rasa kakana a kai yana raye. Ba mai sa ni in jefar da shi karo na biyu. Sannan na ba su labarin duka, tun daga indararo har tsumagiya. Da na zo kan wanda aka so harba, ƙanin mijina ya daina murmushi. Mahaifinsa ne. Yana da shekara uku a lokacin. Ya cire hula ya riƙe a hannu yana salati, can ya ce, "A bar mata kayanta."

Ɗana bai yarda ba, har yau. Ya ce abin da aka samu a akwatin mamaci gado ne, magada ke da ta cewa, kuma ran da malamin rabon gado ya zo zai sa maganar a gabansa. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma ban ce tsoronsa ba shi da dalili ba. A zamaninmu bindiga abin korar shirwa ce. Yanzu ba a ambatonta sai da gawa. Kududdufin nan an cike shi an yi shaguna a kai, soraye sun koma kwano, ba mai shanya nama a sama balle shirwa ta zo. Bindigogin yanzu cikakku suke kwana, ba wata tsohuwa da ake zuwa ƙofarta a roƙa, balle ta tambayi mutum ko ya ci abinci. Amma bindigar da ƙarfen nan ya fito daga jikinta ta zama fartanya ko wuƙa tun kafin a haifi ɗana. Bai taɓa kashe mutum ba. Rashinsa ne ma ya bar mutum da rai, kuma mutumin nan shi ne kakan wanda ke son jefa shi a masai.

Shi ya sa na sa a rubuta. Takarda ɗaya a kai wa mai unguwa, ɗaya a ajiye. Ba ɓoyewa nake ba. In hukuma na son sa, ta zo da rana ta karɓa a hannuna, in ba ta labarin da bakina. Kafin nan yana ɗaure a haɓar zanena, kuma jiya na aika an sayo mini man keke.

Ina ta lissafa yadda aka yi. Ƙila da rani, da ruwa ya janye, suna haƙar ƙasar ginin katangarmu mijina ya tono shi. Ƙila kuma yana raɓe a wani lungu cikin ruwan nan ya ga jifata, ya ji kukana ta kan katanga, ya haɗa ɗaya da ɗaya. In haka ne, to ya san komai tun ranar da ya fara tsayuwa a ƙofar gidanmu, ya zauna da ni shekara hamsin yana kallona ina ɓoye masa abin da ya riga ni ajiyewa. Wani lokacin in ji haushinsa ya kama ni, in yi ta yi masa faɗa ni kaɗai a ɗaki. Sai kuma in tuna ba ya nan, in rushe da kuka. Dakata, ajiye biron.

To, ɗauki. Malamin rabo zai tambaye ni shaida cewa ƙarfen nawa ne ba na gado ba. Ba ni da shaida sai magana ɗaya, kuma ni kaɗai na ji ta. In sun so su yarda, in sun so su ce tsufa ne. Ranar da mijina zai rasu, da hantsi, na kawo masa kunu ya sha cokali biyu ya kau da kai. Na tashi zan fitar da kofin sai ya riƙe gefen mayafina. Na zaci ruwa yake so. Ya dube ni irin kallon da yake yi wa gini in an gama, sannan ya ce:

"Akwai ajiyarki a wurina, ta daɗe. In na ɗan ji ƙarfi ki tuna mini in ba ki kayanki."